Tukunyar Awara da Mashayin Giya

Madarar waken suya ba a juya mata baya. Duk macen da ke sana'ar awara a Katabu ta san haka. An jiƙa wake tun dare, an kai markaɗe da asuba, an tace da ƙyalle, an ɗora ƙatuwar tukunya a kan murhu. Sai madarar ta yi lamo, kamar ba ta san da wuta a ƙarƙashinta ba. Ki ɗan waiga ki amsa sallama, kafin ki juyo kumfa ta taso ta kawo iya wuya, fara fat, tana huci, tana neman kwararowa cikin toka. Shi ya sa ba a raba gefen murhun da kofin ruwan sanyi. Da an yayyafa sai kumfar ta lafa, tukunya ta yi tsit.

Yarinyar da aka bar wa tsaron tukunya, in ba ta goge ba, iyakar dabararta ke nan. Ta yayyafa ta samu sararin minti ɗaya, kumfa ta dawo, ta ƙara. Abin da ba ta lura da shi ba, kowane kofi ƙara cika tukunyar yake yi: tasowa ta biyu ta fi ta farko kusa da baki, ta uku ta fi ta biyu. Can sai uwar ta leƙo daga ɗaki. "Ke, ruwa za ki yi ta ɗura mata? Zare itacen mana!" Ta durƙusa ta janye biyu, tafasa ta daidaita, har a kai ga zuba ruwan tsami awara ta kama.

Mashaya giya da yawa a matsayin yarinyar nan suke, sai dai ita tana ganin itacen, ta kuma san wanda ya hura wutar. Shi mashayin a cikin jikinsa wutar take. Tun bai yi wayo ba wasu suka cusa mata itace, shi dai ya tashi ya tarar ƙirjinsa na tafasa, ya laluba ya samu abin da ke lafar da ita na awa biyu.

Katabu na kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, cikin ƙaramar hukumar Igabi: ka wuce Kawo, ka wuce Rigachikun, kafin ka kai Jaji. A nan Mararraban Jos take, inda titin Fambeguwa da Saminaka ya rabu. Tireloli da tankokin mai na yada zango a bakin titi har gari ya waye, kuma duk inda direbobi da yaran mota suka kwana, ba a rasa mai shayi, mai tsire, mai faci, da mai sayar da abin da ba a sha a gaban surukai. Ba wai Katabu ta fi wani gari ba ne. Hanya ce, hanya kuwa ba ta iya rufa abin da cikin gari ke rufawa. Yanzu ma ba sai an shiga gidan giya ba. Ga ta nan a 'yar leda, ta shige aljihu ba wanda ya sani, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta shelanta hana ta a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni.

Idan saurayi ya faɗa wa giya a gidan Bahaushe, bayani a shirye yake. Abokan banza ne. Bakin uwa ne. Sammu aka yi masa. Rashin tsoron Allah ne. "Ai tun yana yaro ba ya ji." Wannan ta ƙarshen ta fi sauran kusa da gaskiya, amma ba ta fuskar da mai faɗinta ke nufi ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya same shi lokacin da yake yaron?

Likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun yi wa mutum sama da 17,000 wannan tambayar a birnin San Diyego tsakanin 1995 da 1997. Ba 'yan kwalta suka tara ba. Mutane ne masu aikin yi, yawancinsu sun yi karatu, da suka zo a duba lafiyarsu. An tambaye su ko an yi musu dukan da ya wuce ƙima suna yara, ko an dinga zaginsu ana wulaƙanta su, ko wani babba ya yi lalata da su, ko sun ga ana dukan mahaifiyarsu, ko sun tashi gida ɗaya da mashayi ko mai taɓin hankali ko wanda aka ɗaure a kurkuku. Rahoton farko ya fito a 1998. Wanda ya haɗa huɗu ko fiye daga cikin waɗannan, haɗarin ya zama mashayin giya ya ninka na wanda bai gamu da ko ɗaya ba sau bakwai, na yunƙurin kashe kai kuwa sau 12.

Kada a ce zancen Turawa ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, ta bi gida-gida a Najeriya tana tambayar matasa. An samu 6 cikin 10 an ci zarafinsu ta wata fuska kafin su kai 18. Rabi sun sha naushi, shuri ko bulala. Mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 lalata aka yi da su. Mu nan kuma muna da namu sunayen da takardar San Diyego ba ta sani ba. Akwai ɗan riƙo da ke cin ƙanzo bayan 'ya'yan gida sun ƙoshi. Akwai agola. Akwai wanda aka saki uwarsa yana shekara uku, aka ɓamɓare shi daga jikinta a ƙofar gida yana ihu, aka ce zai manta. Akwai ɗan shekara shida da aka ɗora a mota da allo da ɗan kwano, ya yi shekaru bai ga wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci ba. Ba kowane riƙo ne azaba ba, ba kuma kowace tsangaya ba. Da yawanmu a hannun goggo ko kaka muka tashi, muka ji daɗi. Amma kowa ya san gidan da ba haka abin yake ba, ya kuma san yadda maƙwabta ke kau da kai su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kaduna kuma tana da nata na daban. Rikicin Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, shi ne ya raba garin gida biyu, Musulmi suka tattaro arewacin kogi, Kirista suka koma kudu. Aka sake a Nuwamban 2002, aka sake bayan zaɓen Afrilun 2011. Yaron da aka ja hannunsa ana gudu ana tsallake gawa a 2000, yau magidanci ne da ya doshi talatin ko ya wuce. A cikin Igabin nan kuma, daren 3 ga Disamban 2023, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, aƙalla mutum 85 suka rasu, da yawa mata da yara. An ƙirga gawa, an ƙirga masu rauni. Irin wannan ƙirga ba ta kama yaron da ya tashi daga wurin babu ko ƙwarzane, amma idonsa ya ga komai.

Ga yadda abin ke shiga jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan curi biyu da ake kira amigdala. Aikinsu hango haɗari kafin tunani ya hango shi. In ka taɓa ganin igiya a duhu ka daka tsalle, su ne. Da sun ankara sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da likitoci ke taƙaita sunansa da CRF, saƙo ya bi jini har ya isa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke ɗare a kan ƙoda, su zubo kotizol, ga adirenalin ya riga ya fito. Gaba ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, sukari ya cika jini don ƙafa ta samu ƙarfin gudu. Wutar ke nan, kuma rahama ce. Ba don ita ba da mota ta daɗe da kwashe mu a bakin titi. Abin da ake so shi ne ta ja baya in haɗari ya wuce. Masu zare itacen biyu ne: hifokamfus, wanda ke auna yawan kotizol a jini ya ce ya isa haka, da ƙwaƙwalwar goshi, wadda ke tantancewa ta ce wannan ƙarar faɗuwar kwano ce, ba bindiga ba. Ita ta goshin ita ce autar ginuwa, ba ta kammala sai mutum ya doshi shekara 25.

Babba in ya ga haɗari yana iya gudu, ko ya rama, ko ya tattara ya bar garin. Ɗan shekara biyar ina za shi? Wanda yake tsoron shi ne mai ba shi tuwo. Don haka wutar ba ta samun ranar hutu, kuma a daidai shekarun da masu zare itacen ke ginuwa. Michael Meaney na jami'ar McGill a Kanada ya nuna wannan a jikin ɓeraye. Iyaye matan ba ɗaya suke ba: wata tana yawan lasar 'ya'yanta a makon farko, wata sama-sama. 'Ya'yan mai lasa suna tashi da yalwar makarɓan kotizol a hifokamfus, su firgita su dawo daidai nan da nan. 'Ya'yan ɗayar kuwa in tsoro ya hau su sai ya daɗe bai sauka ba, har girmansu. Da aka yi musanyar jarirai, sai suka ɗauko halin wadda ta raine su, ba wadda ta haife su ba. A 2004 shi da abokan aikinsa suka gano inda abin ke rubutuwa: wata alama ce ta sinadari ke manne wa ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓan, ta rage mata aiki. A 2009 suka tarar da irin alamar a ƙwaƙwalwar mutanen da aka azabtar suna yara.

A Landan, a 2011, Eamon McCrory ya sa yaran da suka tashi cikin gidajen duka a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, yana nuna musu fuskoki. Da fuska mai fushi ta bayyana, amigdalarsu ta zabura fiye da ta sauran yara, irin zaburar da aka gani a sojojin da suka dawo daga fagen daga. Yaran kuwa a ido lafiyarsu ƙalau. Mun san irinsu. Shi ne yaron da ke gane halin da uba ya dawo da shi daga takun takalminsa a zaure, ya haɗiye dariyarsa tun kafin a ɗaga labule. Har yabonsa ake yi: yaron nan akwai natsuwa, ba ya haɗa ido da manya. Ƙwaƙwalwarsa dacewa ta yi da gidan da ta samu kanta, kuma a gidan ta yi masa amfani. Sai dai shi zai bar gidan wata rana, ita ba za ta sani ba. Yana da shekara 30, oga ya ɗaga murya a gareji, jikinsa ya ɗauki rawa kamar dorina ce ke zuwa.

Amma ba kowace tukunya ce ke ci gaba da ɓararraka ba. Wani lokaci kumfar kan kwararo ta jiƙa itacen, wuta ba ta mutu ba, ba ta kuma ci ba, sai hayaƙi. An ga haka a Romaniya, inda mulkin Ceausescu ya bar dubban jarirai a gidajen marayu, suna kwance a gadaje babu mai ɗauka. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka ba rabinsu iyayen riƙo. Da suka kai wajen shekara 12 aka gwada su da abubuwan da ke tayar da hankali. Waɗanda aka bari a gidan marayu jikinsu ya daskare, kotizol ba ya motsawa yadda ya kamata. Waɗanda aka ba riƙo kafin su cika shekara 2 kuwa sun yi kusa da sauran yara. Irin wanda jikinsa ya daskare shi muke cewa zuciyarsa ta bushe, ko a jikinsa. Tsoron da zai tsayar da shi ba ya zuwa, abin da ke faranta wa mutane rai bai cika ratsa shi ba, sai abu mai ƙarfi. Shi ma hanyarsa na iya ɓullewa wurin mai 'yar leda, ta wata ƙofar.

To me giyar ke yi a ciki? Ƙwaƙwalwa na da sinadarin da ke lafar da jijiyoyi, GABA, da wanda ke zaburar da su, gulutamet. Barasa tana ƙarfafa na farko, ta danne na biyu, ta kuma ɗan saki sinadaran jin daɗi. Amigdala ta yi sanyi. Ga saurayin da ya tashi cikin kwanciyar hankali, kurɓar farko jiri ce da surutu da ciwon kai da safe, yana iya cewa Allah ya sawwaƙe ya tafi abinsa. Ga ɗan'uwansa da ƙirjinsa ke tafasa tun yana ɗan biyar, wanda ya gudo ya zama yaron mota yana da 14, ranar kurɓar farko ita ce ranar da ya fara barci bai kasa kunne ga ƙofa ba. Kwalba ɗaya suka sha, amma ba abu ɗaya ta yi musu ba. Shekarun farawa ma na da nasu tasirin: a Amurka an samu wanda ya fara kafin 15 ya ninka wanda ya jira har 21 sau huɗu wajen kamuwa, kuma yaran da aka azabtar kan riga sa'o'insu farawa.

Daga nan kofin ke fara cika tukunya. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta kullum. Sai ta rage jin sinadarin lafawa, ta ƙara na zaburarwa, ta ƙara CRF a amigdala. Muddin barasa na cikin jini ba a ganin haka. Da ta fita, mutum ya farka da tafasar da ta fi wadda ya kwanta da ita. George Koob, wanda ya zama shugaban cibiyar binciken giya ta gwamnatin Amurka a 2014, ya shafe shekaru yana nuna wannan juyin: da farko ana sha don a ji daɗi, daga baya ana sha don a daina jin azaba. Ga ɗan gidan duka zangon farkon gajere ne ƙwarai, don dama da azabarsa ya zo.

Je teburin mai shayi da sassafe lokacin hunturu, ka zauna a ƙarshen benci. Za ka ga wani ya zo ya karɓi kofi da hannu biyu, duk da haka shayin na fallatsa a yatsunsa. Kowa na rawar ɗari, shi gumi ne a goshinsa. Ya gutsuri burodi ya kasa haɗiyewa. Wani ya buga ƙofar tirela, ya zabura kamar an harbe shi. Ya dire kofin da saura, ya ce, "Mai shayi, ajiye min, ina zuwa," ya zagaya bayan motoci. Minti goma ya dawo hannu ya tsaya cak, har da barkwanci. Masu kallo su ce dubi ɗan banza, tun da safe. Shi kuwa ba maye ya je nema ba a wannan sa'ar, so yake ya iya riƙe kofi.

Wannan ne ya sa tuba ke wuyar ɗorewa. Akwai masu ajiye ta watan azumi cur, da kuka da rantsuwa, kafin Shawwal ya ƙare sun koma ruwa. Rajita Sinha ta jami'ar Yale ta gwada masu jinya da suka yi makonni ba su sha ba: a ɗauki labarin wani baƙin ciki da ya taɓa samun mutum, a karanta masa na 'yan mintuna. Nan take ƙishirwar giya ta taso masa, kuma waɗanda tsarin kotizol ɗinsu ya fi rikicewa su ne suka riga komawa bayan an sallame su. A gida ba sai an karanta masa komai ba. Gorin matar uba ya isa, ko a zaunar da shi tsakiyar taron dangi kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Mu kuwa maganin da muka gada shi ne a kifa murfi a ɗora dutse. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka buɗe irinsa a Daura da cikin Katsina. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, wasu don shaye-shaye, wasu don ƙiriniya. Ban ga laifin uwar da ta rasa yadda za ta yi ba, ta sayar da akuyarta don ɗanta ya shiryu. Amma a dubi abin da aka yi: an ɗauki mutumin da duka da tsoro da rashin mafita suka saita jikinsa, an ba shi duka da tsoro da rashin mafita a matsayin magani. Ba ya sha yana ɗaure, gaskiya ne, murfi ya rufe. Ranar da aka kwance shi za a ga abin da ke ƙasa.

Na san wani zai ce, wato yanzu kowane mashayi sai ya ɗora wa ubansa? A'a. Akwai wanda ya tashi cikin gata ya bi abokai ya faɗa. Akwai gado: binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa a jini yake, kuma uba mashayi kan ba ɗansa biyun a haɗe, jinin da firgicin. Mafi yawan waɗanda suka sha wuya suna yara kuma ba su zama mashaya ba. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rigimar gida, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane natsattsu, kuma abin da ta yi ta gani a tarihinsu shi ne wani babba guda da ya riƙe su da gaske, kaka, ko inna, ko malami. Haramcin giya kuma yana nan daram ga Musulmi, coci-coci da yawa a arewa ma hana ta suke yi. Sanin dalilin ciwo bai halatta ta ba. Sai dai addinin da ya haramta ta mataki-mataki ya saukar da hukuncin. Bukhari ya kuma ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana yi masa haddi yana komawa. Ranar da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mu tsinuwar muke farawa da ita.

Zare itace aiki ne mai tsari, kuma matakin farko shi ne iyalai suka fi kuskurewa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ba a yanke masa rana ɗaya a kulle shi a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da gumi da amai za su fara. Cikin kwana biyu yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, zazzaɓi ya rufe su, su yi ta gane-gane, su ga ƙwari na bin bango. A nan ne ake cewa aljanu sun bayyana a ɗauko hayaƙi, alhali wannan matakin yana kisa in ba a kai asibiti ba. A can ana saukar da shi a hankali da magunguna dangin diyazefam, a ba shi bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Bayan nan akwai magungunan rage ƙishirwar, irin su naltirezon. Sai babban aikin, zama da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ana warware abin da ya faru tun farko, ana koya wa jiki cewa ƙarar ƙofa ƙarar ƙofa ce. An daɗe ana cewa sai mutum ya bar sha tukuna a taɓo tsohon miki. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya da Amurka sun nuna ana iya haɗa biyun ba tare da shan ya ƙaru ba.

Daga Katabu, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa, sai an ratsa gari an haye kogi, kuma yana da sashen masu shaye-shaye. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ma yana da likitocin ƙwaƙwalwa. Nisan bai kai nauyin sunan ba, don har yau "an kai shi Barnawa" magana ce da kan iya sa manemin ƙanwarsa ya ja baya, duk da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Wanda zai raka majinyaci ya tafi da amsar abu uku: yaushe ya sha na ƙarshe, nawa yake sha a rana, ya taɓa faɗuwa da jijjiga? Ta huɗun, wato me ya same shi yana yaro, ba a gaban kowa ake amsa ta ba. Likitan da ya san aikinsa kan ce, "Baba, ku ɗan ba mu wuri," don ba abin mamaki ba ne a ce wanda ya biya kuɗin mota ya kawo shi yana cikin labarin.